Inganta Awon Haske da Fotodayod: Misali Daga Ruwan Calawa a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana hanyoyin da ake bi a rage kuskure a cikin na'urorin da ke auna haske da ɗan ƙaramin abin nan da ake kira fotodayod. Fagen yana da faɗi ƙwarai, tun daga na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa a asibiti har zuwa wadda masu kafa faifan sola ke auna ƙarfin rana da ita. Saboda haka muka ga ya fi kyau mu tsaya a kan misali guda wanda ke kusa da mu, watau auna dagulewar ruwan sha a ƙasar Ƙaraye da Rogo, yamma da birnin Kano. Abin da muke so mu nuna shi ne, galibin kuskuren da ake samu ba daga shi fotodayod ɗin yake fitowa ba. Yana fitowa ne daga zafin gari, da baƙon haske, da ƙura, da kayan da aka kewaye fotodayod ɗin da su. Maganinsa kuwa ya fi dogara ga tsarin awon, ba ga tsadar kayan ba.

Tilas mu nemi afuwar malaman harshe da ke cikin wannan zaure. Wasu kalmomin mun ɗauko su ne kamar yadda masu gyaran rediyo ke faɗinsu, irin su rizista da kwandansa da amfilifaya, wasu kuma mun ƙirƙira ne don bukatar wannan bayani kawai. In an sami waɗanda suka fi su, ba za mu yi gardama ba.

2.0 Ruwan da ake aunawa

An gina madatsar ruwa ta Calawa a ƙaramar hukumar Ƙaraye tsakanin 1990 da 1992. Tsayinta mita 42 ne, tsawonta kilomita 7.8, tana kuma iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Ruwan da aka saki daga nan yana bin kogin Calawa ya yi gabas, ya wuce ta Panshekara inda ake jawo wa birnin Kano ruwan famfo, kafin ya haɗu da kogin Kano. Ban da ita akwai madatsar Kusalla kusa da garin Ƙaraye. Duk wanda ya san wannan ƙasa ya san yadda ruwa ke sauya kama. Da rani yakan kwanta ya yi garau, amma da zarar ruwan sama ya kankama, musamman a watan Agusta, sai ƙoramu su kwaso jar ƙasa daga gonakin Rogo da na Ƙaraye, ruwan ya koma kamar kunu.

Wannan laka ba ƙyamar ido kaɗai take jawowa ba. Ƙwayoyin cuta sukan fake a jikin ɓarɓashinta, ta yadda kulorin da aka zuba ba ya isa gare su. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata dagulewar ruwa ta sauka ƙasa da 1 a ma'aunin NTU kafin a sa masa kulorin, ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 kuma ta sa iyaka a kan 5. Idon mutum ba ya fara ganin dagulewa sai ta kai wajen 4. Ke nan, tsakanin ruwan da kulorin zai yi wa aiki sosai da wanda ba zai yi wa ba, ido ba shi da abin cewa. Har wa yau, yawan alam da ma'aikacin gidan ruwa zai zuba ya dangana ga wannan awo. In ya rage, laka ta wuce zuwa famfo. In ya ƙara, an yi asarar kuɗi, ruwan kuma ya yi tsami.

A wajen 1900 da kyandir ake wannan awo a Amurka: a riƙa zuba ruwa cikin doguwar kwalba har sai harshen wutar da ke ƙarƙashinta ya ɓace wa mai dubawa. Yanzu kuwa ƙa'idar duniya mai lamba ISO 7027 ta tanadi a haska ruwan da hasken infared, wanda ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 860, sa'an nan a auna abin da laka ta watsar zuwa gefe, a kusurwa mai digiri 90. Ana kiran ma'aunin wannan ƙa'ida FNU, amma da shi da NTU duk da sinadari ɗaya ake saita su, don haka za mu riƙa cewa NTU don sauƙi. Ruwa garau ba ya watsa haske sai kaɗan. Aikin fotodayod shi ne ya kama wannan ɗan kaɗan ɗin.

3.0 Fotodayod da amfilifayarsa

Fotodayod ɗan falle ne na silikon mai ɓangare biyu da ke manne da juna. Idan haske ya faɗa a mahaɗarsu sai ya saki lantarki, yawan lantarkin da ke kwarara kuma yana tafiya daidai wa daida da yawan hasken. In haske ya ninka, kwarara ta ninka, kuma haka abin yake tun daga haske mai rauni ƙwarai har zuwa wanda ya fi shi sau miliyoyi. Wannan hali shi ne ya sa ya fi sauran masu jin haske dacewa da awo. Russell Ohl ne ya gano irin wannan mahaɗa a silikon a ɗakunan binciken kamfanin Bell a 1940. Silikon yana jin haske daga wajen nanomita 400 zuwa 1100, a kusa da 860 kuma kowane wat na haske yana ba da fiye da rabin amfiya kaɗan.

Sai dai hasken da ke isa gefe bai kai ko kusa da wat ba. A ƙaramar na'ura irin wadda ɗalibai ke haɗawa, ruwa mai tsabta ba ya ba da fiye da 'yan nano'amfiya, wani lokaci ma bai kai ɗaya ba. Nano'amfiya kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na amfiya, fiko'amfiya kuma kashi ɗaya cikin dubu na nano'amfiya. Don a iya karanta wannan, ana haɗa fotodayod da amfilifaya, a ɗaura babbar rizista daga bakin fitarta zuwa bakin shigarta. Lissafin mai sauƙi ne: bolt ɗin da zai fito shi ne kwarara sau rizista. Nano'amfiya 1 a kan rizista mai om miliyan 100 zai ba da kashi ɗaya cikin goma na bolt.

A nan ne kuskure na farko ke shiga, shi ne kuma wanda muka fi gani a ayyukan ɗaliban shekarar ƙarshe. Kowace amfilifaya tana shan 'yar kwarara ta bakin shigarta don kanta. Wadda ake kira 741, da kamfanin Fairchild ya fitar a 1968 wadda kuma har yau ake samu a kasuwar Sabon Gari, tana shan wajen nano'amfiya 80. A kan rizistar da muka ambata, wannan kaɗai bolt 8 ne, tun ba a kunna fitila ba. Abin da ake nema a auna ya ɓace gaba ɗaya cikin abin da amfilifaya ta ci. LM358 ta fi ta kaɗan, amma ita ma nano'amfiya gomiya-gomiya take sha. Abin da ya dace shi ne mai bakin FET, kamar TL081 wadda ke shan 'yan gomiyoyin fiko'amfiya, ko CA3140, ko LMC662 wadda cinta bai kai fiko'amfiya guda ba. Bambancin kuɗinsu da 741 bai taka kara ya karya ba.

Akan tambaye mu, shin ba gara a sa ƙaramar rizista ba, sa'an nan a ƙara amfilifaya ta biyu a gaba? Amsa ita ce a'a. A 1928 John Johnson da Harry Nyquist suka nuna cewa kowace rizista tana da hayaniyarta ta kanta saboda zafi, irin shuu ɗin da ake ji a rediyo tsakanin tasha da tasha. In aka ninka rizista sau 100, saƙon da ake nema zai ninka sau 100, hayaniyar kuwa sau 10 kawai. Amfilifaya ta biyu kuma saƙo da hayaniya take ɗagawa tare. Don haka a sa babbar rizista tun a matakin farko, gwargwadon yadda mafi ƙarfin hasken da ake tsammani ba zai cika amfilifayar ba. A kuma ɗaura ƙaramar kwandansa a kan rizistar, kamar mai fikofarad 10, domin shi fotodayod yana da halin kwandansa a jikinsa, wanda kan sa amfilifaya ta riƙa rawa in ba a danne ta ba. Wannan kwandansa za ta rage saurin na'urar zuwa wajen zagaye 160 a daƙiƙa, amma ruwan kwalba ba ya sauri, babu abin da aka rasa.

4.0 Zafi

Takardun da kamfanoni ke bugawa game da kayansu kusan duk a digiri 25 aka yi awonsu. A ƙasar Ƙaraye kuwa, da asubahin hunturu a watan Janairu zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, da azahar ɗin Afrilu kuma ya kai 40 ko ya wuce a inuwa. Akwatin ƙarfe da aka bari a rana bakin madatsa, cikinsa ya fi haka nesa. Wannan tazara tana taɓa na'urar ta wurare uku.

Na farko shi ne abin da za mu kira kwararar duhu, watau lantarkin da fotodayod ke saki ko da babu haske ko kaɗan. Tana ninkawa ne a duk ƙarin digiri 10 ko kusa da haka. Mu ɗauki BPW34, wanda shi ne aka fi amfani da shi a irin waɗannan ayyuka. Idan aka ɗora masa bolt 10 ta baya, kwararar duhunsa wajen nano'amfiya 2 ce a digiri 25. A digiri 45 ta zama 8, a 55 ta zama 16. Na'urar da aka saita da safe za ta ce ruwa ya dagule da rana, alhali kwalbar nan ce ba a taɓa ta ba. Ana ɗora bolt ta baya ne don a sami sauri, kamar a wayar sadarwa ta gilashi inda haske ke ƙiftawa sau miliyoyi a daƙiƙa. Mu ba mu bukatar wannan. In aka bar fotodayod ba tare da bolt ba, amfilifaya ta riƙe ƙafafunsa biyu a matsayi ɗaya, kwararar duhu takan faɗo zuwa 'yan fiko'amfiya. Mun sha ganin zane da aka kwafo daga intanet da bolt a bayan fotodayod, ba don komai ba sai don haka mai zanen ya yi a nasa aikin, wanda ba irin namu ba ne.

Na biyu, cin amfilifaya mai bakin FET shi ma yana ninkawa a duk digiri 10. Wadda ke shan fiko'amfiya 30 a ɗakin gwaji za ta sha wajen 240 a digiri 55.

Na uku shi ne ya fi girma, shi ne kuma aka fi mantawa da shi: fitilar kanta. Ƙwan LED na infared yana rage haske in ya ɗau zafi, wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane digiri. Tsakanin sanyin safiya da zafin rana, in tazarar ta kai digiri 25, haske ya ragu da wajen kashi 12 cikin 100, awon kuma zai ragu da haka. Ga shi kuma ƙwan yana dusashewa a hankali da tsufa. Ba a magance wannan da wutar da ba ta motsi kaɗai, ko da yake lalle ne a ba shi ita. Ana magance shi ne da fotodayod na biyu, wanda ke kallon fitilar kai tsaye. Sai a raba abin da na gefe ya gani da abin da na biyun ya gani. In fitila ta dushe da kashi 12, duka biyun sun ragu da kashi 12, rabon bai motsa ba. Sharaɗi shi ne su zama iri ɗaya, a kuma dasa su a jikin ƙarfe ɗaya don zafinsu ya zo ɗaya.

Wani ɗan abin lura game da ƙwan. Wanda ya fi sauƙin samu a kasuwa shi ne na rimot ɗin talabijin, shi kuwa galibi nanomita 940 ne, ba 860 ba. Zai yi aiki, amma ya fita daga ƙa'ida, ruwa kansa ya fi shan haske a wannan zango, silikon kuma ya fara kusantar inda jinsa ke sauyawa da zafi. Gara a yi haƙuri a nemo na 860 ko 850.

5.0 Baƙon haske, ƙura da damshi

Mai sayar da manja ba ya ɗora kwano a sikeli ya ce duk nauyin na mai ne. Yakan auna kwanon wofi tukuna, ya cire. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani a awon haske, ba ta kuma cin ko kwabo. A kashe fitila a karanta, a kunna a karanta, a ɗebe na farko daga na biyu. Duk abin da ke nan fitila na kunne ko na kashe, watau kwararar duhu da cin amfilifaya da hasken da ya sato hanya ya shigo, ya fita daga lissafi. In aka yi ta maimaita haka sau da yawa a daƙiƙa aka ɗau matsakaici, an sami abin da Robert Dicke ya yi amfani da irinsa a 1946 wajen auna raunanan igiyoyin rediyo. Da rizista da kwandansar da muka ambata, sai a jira kamar kashi 5 cikin dubu na daƙiƙa bayan kowace kunnawa ko kashewa kafin a karanta, don amfilifaya ta natsu.

Amma fa dabarar tana da iyaka. Hasken rana cike yake da infared, in kuma ya shigo da yawa har ya cika amfilifaya, to babu abin da za a cire daga wani abu, karatun biyu duk sun tsaya a ƙololuwa. Tilas ɗakin kwalbar ya rufu ruf, a shafa masa baƙin fenti marar ƙyalli. A yi hattara da baƙar roba. Da yawa daga cikinta baƙa ce ga ido kawai, infared yana ratsa ta kamar gilashi. Gwajin mai sauƙi ne: a sa rimot a cikin akwatin a rufe, a danna ta wata dabara, a ga ko talabijin za ta amsa. Ƙarfe ya fi aminci, yana kuma kare babbar rizistar nan daga hayaniyar wayoyin wuta in an haɗa shi da ƙasan da'irar.

Wutar Nijeriya tana zagaye 50 a daƙiƙa, fitilun ɗaki kuma suna ƙifta sau 100. Littattafai sun ce a ɗauki matsakaicin karatu na tsawon zagaye ɗaya cif, watau kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa, hayaniyar ta kashe kanta. Gaskiya ne in wutar ta tsaya a 50. Ƙaramin janareta ba ya tsayawa, yana hawa yana sauka gwargwadon kayan da aka ɗora masa. A irin wannan hali gara a tsawaita matsakaicin zuwa daƙiƙa guda ko biyu, mafi kyau kuma na'urar ta yi aiki da batir.

Sai ƙura. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa galibi daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, laushinta ya isa ta shiga duk inda iska ke shiga. In ta kwanta a jikin kwalba ko a fuskar fitila, tana rage hasken da ke wucewa, tana kuma watsa wani zuwa gefe kamar yadda laka ke yi, na'ura ba ta san bambanci ba. In ta kwanta a kan allon da'ira ba ta yin komai da rani. Sai damina ta zo ta sha damshi, ta zama siririyar hanya tsakanin layukan allon. Mu ɗauka wannan hanya tana da om miliyan dubu 10, adadin da mitar mai gyaran rediyo ba za ta ma gani ba. In layin bolt 5 yana kusa da bakin amfilifaya, rabin nano'amfiya zai tsallako, daidai da girman saƙon da muke nema. Maganinsa shi ne a wanke allon da sinadarin alkohol bayan an gama lida, a kewaye bakin shigar da zoben layi da aka haɗa da ƙasan da'ira don ɓatacciyar kwarara ta faɗa can, a shafa masa banish, a rufe da ɗan ƙunshin nan mai shan damshi da ake samu cikin kwalin magani. Wasu ma sukan ɗaga ƙafar amfilifayar sama, su haɗa ta da fotodayod da rizista a iska ba tare da ta taɓa allon ba. Ba shi da kyan gani, amma yana aiki.

Na'urar da za ta zauna cikin ruwa dare da rana tana da wata matsalar, domin gansakuka da laka suna manne wa gilashinta. Akwai tsari mai fitila biyu da fotodayod biyu da aka jera a kewaye, ana kunna fitilun bi da bi. Kowane fotodayod yana ganin fitila ɗaya kai tsaye, ɗayar kuma daga gefe. In aka ninka karatun gefe biyu aka raba da ninkin karatun kai tsaye biyu, ƙarfin fitilun da dattin tagogin duk sukan fita daga lissafin. Ba ya hana wanki, yana dai tsawaita lokacin da ke tsakanin wanki da wanki.

6.0 Inda na'ura ke faɗin ƙarya

Duk abin da muka faɗa a baya ya shafi ruwa mai ɗan dama. Ruwan Agusta yana da nasa haɗarin, a ganinmu kuma shi ne mafi muni, domin babu abin da ya lalace a cikin na'urar sa'ad da take yin sa. Hasken gefe yana ƙaruwa daidai da laka ne zuwa wani matsayi kawai. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta tsaya a NTU 40, ta ce abin da ya wuce haka a surka shi. In laka ta yi yawa, sai ta fara tare hasken tun kafin ya kai tsakiyar kwalba, ta kuma tare wanda aka watsar kafin ya isa fotodayod. Karatu ya riƙa hawa a hankali, ya tsaya, sa'an nan ya juyo ƙasa. Ke nan lamba ɗaya tana iya nufin ruwa iri biyu, mai matsakaiciyar laka da mai kaurin kunu. Mutumin da ke riƙe da kwalba a hannu zai gane da ido. Na'urar da aka bari ita kaɗai a bakin bututu da tsakar dare, tana aika lamba ko tana sarrafa famfon alam, ba za ta gane ba, za ta rage alam a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Abin da ke warware wannan shi ne fotodayod da ke fuskantar fitila ta cikin ruwan, a ɗaya gefen kwalbar. Karatunsa ba ya juyawa, sauka kawai yake yi muddin laka na ƙaruwa. Rabon hasken gefe da na gaba yana ci gaba da hawa har bayan na gefen ya juya, ga shi kuma yana gyara dusashewar fitila da launin ruwa a lokaci guda. In ma ba a yi lissafin rabo ba, aƙalla a umarci na'urar ta ƙi ba da lamba in hasken gaba ya faɗi ƙasa da wani matsayi, ta nemi a surka.

Faɗin tazarar nan tsakanin rani da damina yana kuma taɓa wurin da ake mayar da bolt lamba. Allon Arduino Uno yana raba bolt 5 gida 1024, kowane gida wajen milibolt 5. In aka tsara NTU 40 ya ba da bolt 4, to NTU 1 ya sami gida 20, ba laifi. In kuwa aka ce na'ura ɗaya ta kai har NTU 1000 a wannan bolt 4, NTU 1 bai cika ko gida guda ba, watau ba ta ganin komai a daidai inda hukuncin kulorin yake. Sai dai a yi matakai biyu da rizista biyu, ko a sa mai rabawa mai gidaje da yawa kamar ADS1115. Daɗin daɗawa, Uno yana gwada karatunsa ne da wutar da ake ba shi, in ba a umarce shi da wani abu dabam ba, wutar caja kuwa ba ta tsayawa a bolt 5.

7.0 Saiti

Tiyar da ta lotsa kullum awo ɗaya take bayarwa, kullum kuma ba daidai ba. Na'urar da ke maimaita lamba ɗaya ba ta tabbatar da komai ba tukuna sai an gwada ta da abin da aka san ƙimarsa. Tun 1926 ake amfani da wani farin sinadari mai suna fomazin don wannan aiki. Ana haɗa mililita 5 na ruwan haidirazin salfet mai giram 10 a lita da mililita 5 na ruwan hekzamin mai giram 100 a lita, a ajiye awa 24, a cika zuwa mililita 100, a sami NTU 400. Haidirazin guba ne, ba a haɗa shi sai a ɗakin gwaji da safar hannu. Ƙa'ida ta ce a ajiye haɗin a digiri 25, kada ya kauce da fiye da 3, domin girman ɓarɓashin da zai fito ya dangana ga zafin. Da bazara ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska a Kano ba ya sauka zuwa 28 ko da dare. Wanda ba shi da wankan ruwa mai daidaita zafi yana iya nitsa kwalbar cikin ruwan randa da ma'aunin zafi a gefe, ko ya haɗa nasa a watannin da gari ya yi sanyi. Wanda aka surka ƙasa ƙwarai ba ya jimawa, a ranar da za a yi aiki ake surka shi. Ruwan surkin kuma, wanda shi ne sifirin na'urar, sai wanda aka tace da matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai. Ruwan leda ba ya zama sifiri don kawai ya yi garau a ido.

A yi saitin a wurare da dama, musamman a ƙasa, kamar 1 da 5 da 10 da 20 da 40, a kuma maimaita shi da sanyin safiya da zafin rana. In layukan biyu sun rabu, akwai sauran aiki a sashe na 4.0. Kwalba ita ma ɓangare ce ta na'urar. A yi mata alama don ta riƙa shiga ta fuska ɗaya, a jefar da wadda ta karce, a goge zanen yatsa, a bar kumfa ta tashi, a kuma lura da raɓar da ke taruwa a jikinta in an ɗebo ruwa mai sanyi da damina. Kada kuma a jira har manyan ɓarɓashi su kwanta.

Saura abu ɗaya wanda fomazin ba zai ba mu ba. NTU yana faɗin yadda ruwa ke watsa haske ne, ba nauyin lakar da ke cikinsa ba, yumɓu mai laushi kuwa ya fi rairayi watsa haske in nauyinsu ɗaya. Wanda ke son ya san yawan ƙasar da ke shiga tafkin Calawa tana cike shi, tilas ya gina nasa jadawalin da ruwan wurin: ya auna samfur da na'ura, ya tace shi, ya busar da abin da ya rage a digiri 103 zuwa 105, ya ɗora a sikeli. Jadawalin da aka yi da ruwan bakin madatsa, inda rairayi ya riga ya kwanta, ba zai yi wa ƙoramun da ke shigowa ta wajen Rogo ba, wanda aka yi a watan Maris kuma sai an sake shi a watan Agusta.